Yadda Ake Haɗa Katin Kirsimeti da Guntayen Takarda Mai Ado

Idan watan Nuwamba ya tsufa, hunturu ya fara buso ƙurarsa daga arewa maso gabas, leɓuna suka soma tsagewa, to, a gidajen 'yan'uwanmu Kirista na Wusasa da Jos da Kafanchan da sauran garuruwa ba ka jin zance sai na shirin Kirsimeti, wato bikin tunawa da haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa ɗan Maryam, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bikin da galibin majami'u ke yi ran 25 ga Disamba, ko da yake Kibɗawan Masar da mutanen Habasha sai ran 7 ga Janairu suke nasu. Daga cikin al'adun da suka biyo wannan biki har da aika katin gaisuwa ga dangi da abokai, kuma maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana, daki-daki, yadda mutum zai haɗa irin wannan kati da hannunsa, ba tare da ya kashe wani abin kirki ba, daga guntayen takarda masu zane waɗanda da ba don haka ba sai dai tsintsiya ta kai su juji.

Asalin al'adar daga Ingila ta fito. A shekarar 1843 wani ma'aikacin hukuma a birnin Landan, mai suna Henry Cole, ya sa wani mai zane da ake kira John Callcott Horsley ya zana masa hoton wani iyali suna zaune ana liyafa, a gefe da gefe kuma ana ciyar da mabukata ana tufatar da su, aka buga kofi 1,000, aka sayar da kowane ɗaya sule guda, wanda a wancan zamani ba kuɗin da talaka zai zubar a kan takarda ba ne. Abin da ya share wa al'adar hanya kuwa shi ne kan sarki na kwabo guda da aka fito da shi a 1840, domin da shi ne aika wasiƙa ya zama abin da kowa zai iya. Daga baya wani Bajamushe mai ɗab'i, Louis Prang, ya fara sayar da katuna masu launi a Amurka a 1875, sai abu ya zama kasuwa. Amma tun ana bugawa a inji ba a rasa masu zama da almakashi su yi nasu ba, kuma ni dai a ganina katin da aka saya a kanti, kome kyansa, ana karanta shi sau ɗaya ne a ajiye, shi kuwa wanda jika ya yanka ya manna da hannunsa, za ka je bayan shekara goma ka same shi a cikin akwatin kaka.

Farkon aiki shi ne tara guntaye, kuma wannan ya fi kyau a fara shi tun da nisa, a keɓe masa wani kwalin takalmi. Takardar naɗe kyauta da aka yage a wurin biki tana shiga, haka tsohuwar kalanda, da katin gayyatar ɗaurin aure wanda a ƙasarmu ake ƙawata shi da ruwan zinariya, da kwalin shayi da na turare, da bangon littafin rubutu, da tsohuwar taswira, har ma da cikin ambulan irin na banki, wanda idan ka farke shi za ka tarar an buga masa wani ɗan zane mai laushi, shuɗi ko toka-toka, don kada a hango abin da ke ciki. Wanda yake da sani a wurin masu ɗab'i ya dace, gama injin yankansu kullum yana zubar da dogayen filloli masu tsabta waɗanda sukan bayar kyauta. Sharaɗi ɗaya ne nake jan hankali a kansa, kuma sharaɗi ne na ladabi: kalandu da yawa a ƙasar nan suna ɗauke da ayoyin Alƙur'ani ko na Littafi Mai Tsarki ko sunayen Allah, saboda haka wajibi ne a duba gaba da baya kafin a sa almakashi, abin da aka ga yana da irin wannan rubutu a ware shi gefe guda, a yi masa yadda ake yi wa takarda mai alfarma.

Kayan aiki kaɗan ne: almakashi mai kaifi, da reza, da rula ta ƙarfe in da hali, domin reza tana cin ta roba, da fensir, da cokali, da ɗan buroshi, da tsohon kwali mai kauri da za a shimfiɗa don kada a tsage tebur. Sai jikin katin kansa. Takardar da ake sa wa injin buga wasiƙu, mai giram 80, ta yi taushi ƙwarai, ba ta tsayawa da ƙafarta. Abin da ake bukata shi ne farin kwali ko mai ruwan madara, na giram 200 zuwa 250, girman A4, wato santimita 21 a faɗi, 29.7 a tsawo. Idan ka raba shi biyu a tsakiyar tsawonsa ka sami kati biyu, kowane in an ninka shi zai zama santimita 10.5 da 14.8, wanda shi ne daidai da ambulan ɗin da ake kira C6. Kada ka ninka kwali haka kawai da yatsa, don zai farfashe a gaɓar. Ka auna tsakiya, ka ɗora rula, ka ja layi da bayan wuƙa ko da biron da tawadarsa ta ƙare, kana dannawa ba tare da ka yanke ba, sa'an nan ka ninka, ka bi gaɓar da bayan cokali sau biyu ko uku. Masana sha'anin takarda sun ce zarenta yana kwance ne ta fuska guda tun daga masana'anta, kamar jijiyar itace, kuma kana iya ganewa idan ka lanƙwasa ta a hankali ta nan da ta can, za ka ji ɓangare guda ya fi saurin bi, to, ninkin da ya bi wannan ɓangare shi ne ke fita sumul.

Batun abin mannawa yana bukatar a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ne akasarin katuna ke lalacewa. Gam na sanda, irin wanda 'yan makaranta ke murzawa, shi ya fi sauƙi ga yara, tun da ba shi da ruwa da yawa kuma ba ya kumbura takarda, illarsa ita ce riƙonsa ba ya daɗewa a kan takarda mai sheƙi. Farin gam na kafintoci yana riƙewa da ƙarfi, amma sai an shafa shi siriri ƙwarai da buroshi, in ba haka ba ya ɓullo ta gefe. Wanda ba ya son sayen kome kuwa yana da ƙaro, wato danƙon itacen dakwara da ake samu a Borno da Yobe da Jigawa, wanda kuma ƙasar Sudan ta fi kowa fitar da shi a duniya, shi ne malamai ke sa wa tawada don ta kama allo, shi ne kuma aka daɗe ana shafawa a bayan kan sarki. Ka daka shi, ka jiƙa kashi ɗaya cikin kashi biyu na ruwan ɗumi, ya kwana, ka tace da ƙyalle mai tsabta. Kada ka haɗa da yawa, don bayan 'yan kwanaki yana tsami. Akwai kuma kunun sitacin rogo, cokali ɗaya cikin cokali biyar na ruwa, a dama a kan wuta marar ƙarfi har ya yi garau, a bar shi ya huce. Yana mannawa da kyau, sai dai kyankyaso da gara suna ƙaunarsa, don haka katin da ake fatan ya daɗe a akwati gara a yi shi da wani abu dabam. Ko da wanne ka yi aiki, ƙa'idar ɗaya ce: guntun ake shafa wa gam, ba jikin katin ba, a kan wata takardar banza, daga tsakiya zuwa gefe.

Yanzu mun zo kan zuciyar sana'ar, wato zaɓen wace takarda za ta zauna kusa da wace. Mai koyo, idan ya ga kwalinsa cike da launuka, sai kwaɗayi ya kama shi, ya so ya zuba duka a kati guda, ƙarshe abin ya fito kamar rumfar mai gwanjo, ido ya rasa inda zai sauka. Wata tsohuwar malamar makaranta da na ga wannan aiki a hannunta tun ina yaro ba ta yarda a wuce takarda uku a kati ɗaya, kuma da na girma na gwada na tabbatar tana da hujja. Ta farko ta zama mai babban zane, kamar furanni ko ganye, ita ce uwargida. Ta biyu mai ƙaramin zane, ɗigo-ɗigo ko ratsi-ratsi ko gida-gida, wadda ba za ta yi kishi da ta farko ba. Ta uku kuwa mai launi ɗaya tak, marar zane, don ido ya sami wurin hutawa. Sa'an nan a tabbata akwai launi guda da ya ratsa su duka, ko da ɗan kaɗan ne, kamar yadda dangi kan yi kama ta hanci ko ta goshi. Ja da kore da ruwan zinariya su ne launukan da aka saba gani a wannan biki, amma ba farilla ba ne. Shuɗi mai duhu da fari da ruwan azurfa suna ba da kamannin dare mai taurari, ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa kuma suna tafiya da hoton makiyaya da komin dabbobi na Baitalami. Kafin ka taɓa gam, ka jera guntayen a kan katin, ka ja da baya taku uku, ka ɗan runtse ido: in dukansu suka narke suka zama abu guda, to, babu mai duhu ko babu mai haske a cikinsu, sai ka musanya ɗaya. Haka kuma ka bar wa farin kati haƙƙinsa. Mai zayyanar allo ya san cewa ba kowane gida ake cika wa tawada ba, filin da aka bari shi ke fito da wanda aka cika.

Siffa mafi sauƙi da za a fara da ita ita ce itacen Kirsimeti, al'adar da ta samo asali a Jamus, ta kuma bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga hoton Sarauniya Victoria da mijinta Albert da 'ya'yansu a gindin irin wannan itace a 1848. Mu ba mu da shi a dawa, amma siffarsa alwatika ce kawai, kowa zai iya. Da farko ka yanki shimfiɗa daga takarda marar zane mai haske, santimita 9.5 da 13.8, ta yadda in ka ɗora ta a fuskar katin za a ga farin gefe na rabin santimita a kewaye. A kan wannan shimfiɗa za ka yi dukan aikin, sai an gama a manna ta, saboda in kuskure ya auku, ita kaɗai ka yi asara. Ka ja layi marar nauyi da fensir daga sama zuwa ƙasa a tsakiyarta. Sai ka yanki filloli bakwai, kowane faɗinsa santimita 1, tsawonsu kuwa 7, da 6, da 5, haka har zuwa 1, kana sassaɓa takardun don kada iri ɗaya su yi maƙwabtaka. Ka ninka kowane fillo a hankali don ka gane tsakiyarsa, ka daidaita ta da layin fensir, ka fara mannawa daga mafi tsawo a ƙasa, kana barin tazarar da ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba. A ƙarƙashi ka sa ɗan guntu mai ruwan ƙasa a matsayin kututture, a bisa kuma ɗan tauraro ko da'ira mai ruwan zinariya. Wasu sukan karkata fillolin kaɗan, wannan hagu wancan dama, sai itacen ya zama kamar iska na kaɗa shi, kuma wannan dabara tana rufa asirin wanda hannunsa bai saba yanka daidai ba.

Tauraro mai tsini biyar yana ba mai koyo wahala, kusan kullum ƙafa ɗaya takan fi sauran tsawo. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda dukawa da masu zayyana suka daɗe da sani: ka yanki murabba'i biyu masu girma ɗaya, a ce santimita 5, daga takarda biyu dabam, ka manna ɗaya a zaune, ka ɗora ɗayan a kansa a karkace yadda kusurwoyinsa za su leƙo ta tsakiyar gefunan na ƙasa, nan take ka sami tauraro mai tsini takwas. In ka ƙara wasu ƙananan murabba'ai biyu na santimita 3 a tsakiya bisa wannan tsari, sa'an nan ka ja siririn fillo daga gindinsa zuwa ƙasan kati kamar haske na sauka, kati ya haɗu.

Akwai kuma aikin taga, wanda shi ne ke cinye ƙananan ɓarɓashin da ba su isa kome ba. Ka zana da'ira ko tauraro ko ƙararrawa a tsakiyar shimfiɗa, bakin kofin shayi ya isa ya ba ka da'ira, ka yanke ta da reza ka fitar, ya zama akwai taga. Sai ka kifa shimfiɗar, ka riƙa jera filloli ta baya suna rufe tagar, kowane yana hawa kan gefen na kusa da shi kaɗan, har ba sauran kafa. Idan ka juyo, za ka ga siffar ta fito da baki mai tsabta, duk ragargajen yankan ya ɓuya a baya. Mutanen Holan sun kai wannan fanni wani matsayi, gama sukan ninka kowane fillo biyu a tsawonsa, su jera su suna kewayawa bisa wani zane mai lambobi har su tattaru a tsakiya kamar ƙwayar idon kyamara, kuma da cikin tsofaffin ambulan suka fara yi. Yana cin lokaci, yana kuma sa kati kauri, don haka ba na ba da shawarar a fara da shi ga wanda ke da kati ashirin a gabansa.

Kyandir ba ya bukatar dogon sharhi: filloli uku masu tsawo dabam-dabam a tsaye, kowane da ɗan harshen wuta rawaya a kansa. Haka aikin faci, inda ake jera murabba'ai na santimita 2, huɗu a kwance biyar a tsaye. Wanda kuma takarda ta ƙare masa, ya je wurin tela ya roƙi ƙyallayen atamfa, ya sa musu sitaci ya goge, ya manna su a kan farar takarda, in sun bushe ya yanka su kamar sauran, ba za su zare ba.

Sai dai wanda zai yi wannan aiki a ƙasarmu ya sani cewa lokacinsa ya faɗo a tsakiyar hunturu, kuma hunturu yana da hukuncinsa. Gam yana bushewa kafin ka gama gyara zaman guntu, saboda haka ɗaya-ɗaya ake shafawa. Ƙura tana bin duk inda gam ya ɓullo ta zauna, ta bar baƙin tabo, don haka a rufe taga, a ajiye ɗan ƙyalle mai laima na goge yatsa. Man da muke shafawa saboda kaushi kuwa babban abokin gabar farar takarda ne; ni kaina na taɓa ɓata kati goma sha biyu a dare ɗaya, ban lura ba sai da gari ya waye na ga hoton babban yatsana a kusurwar kowannensu, tun daga ranar nake wanke hannu da sabulu kafin in zauna. Babbar matsala ita ce lanƙwashewa, kuma dalilinta shi ne takarda tana buɗewa in ta sha laima, tana tsukewa in ta bushe, sai ta ja kwalin zuwa ɓangaren da aka manna ta. Maganinta biyu ne. Na farko, a manna wata takarda mai kauri irin na shimfiɗar a bayan fuskar katin, ta ciki, don ja ya zo daidai ta kowane gefe. Na biyu, da zarar an gama, a sa katin tsakanin leda biyu masu tsabta, a ɗora masa manyan littattafai, ya kwana a haka. Mai gaggawar da ya shanya kati a rana ko kusa da murhu zai dawo ya tarar da shi ya naɗe kamar ɓawon rogo.

Game da rubutu, tun ran gini ran zane: a yi shi a wata 'yar takarda dabam kafin a manna, domin babu takaicin da ya kai mutum ya gama ado sa'an nan alƙalami ya zame masa. A ja layi biyu da fensir, a rubuta "Barka da Kirsimeti" ko a haɗa da "da Sabuwar Shekara", a bar tawada ta bushe sarai kafin a goge fensirin. A ciki kuwa a gai da mutum da sunan da ake kiransa a gida, Baba ko Inna ko Kawu ko Gwaggo, a tambayi lafiyarsa da ta iyali, a ambaci wani abu da ya shafe shi shi kaɗai, kamar jinyar da ya tashi daga gare ta ko jikan da aka haifa masa bana, a sa suna da shekara a ƙasa. Musulmin da ke son taya maƙwabcinsa murna yana iya tsayawa ga fatan alheri da zaman lafiya, kamar yadda shi ma maƙwabcin kan yi masa in Salla ta zo, kuma duk dabarun nan da aka ambata suna aiki a katin Barka da Salla, illa a musanya itace da jinjirin wata.

Saura ambulan. In babu na saye, ka ɗauki takardar A4 ko shafin kalanda, ka yanke ta ta zama murabba'i na santimita 21, ka ajiye ta a karkace kusurwa ɗaya na dubanka, ka kwantar da katin a tsakiya, ka ninko kusurwar hagu da ta dama, sa'an nan ta ƙasa, kana barin 'yar sarari don kati ya shiga ya fita ba tare da matsi ba. Ka cire katin kafin ka shafa gam a gefunan kusurwar ƙasa, in ba haka ba ka manne shi a ciki. In takardar mai zane ce, ka liƙa ɗan farin guntu a gaba don adireshi. Katin da za a kai gidan waya ya kamata ya bar hannu tun makon farko na Disamba, kuma kada a sa masa maɓalli ko dutsen ado mai tudu da zai huda ambulan a hanya. Wanda kuwa na cikin gari ne, sai a ba yaro ya kai da hannu ran jajibere, a gargaɗe shi kada ya cusa shi a aljihun wando.